Ajiyar Shekara Talatin da Huɗu

"Baba, ko dai mu rubuta ba ka taɓa samun lambar ba? Shekara arba'in fa. Wa zai tona?"

Pyo Chun-bae ya dubi Madam Seol, matar da ke cika wa mutane fom ɗin biza a wani ɗan ofis a hawa na uku, cikin birnin Busan. Yatsanta na kan madannin kwamfuta, jira kawai take ya gyaɗa kai.

"'Yata," in ji shi, "ni ne na manta, gwamnati ba ta mantuwa. Ka yi mata ƙarya sau ɗaya, ta rufe maka ƙofa har ka mutu. Cire hannunki."

Tambaya ɗaya ce ta tsayar da su tun safe: ko ya taɓa karɓar lambar nan mai alƙaluma tara da Amurka ke ba duk mai aiki a ƙasarta. Ya karɓa mana. Shekara shida ya yi yana gyaran kifi a Tacoma lokacin yana da ƙarfi. Katin kuwa ya bi ruwa tun shekarar da guguwar teku ta shiga gidansu. Abin da ya rage masa a ka alƙaluma huɗu ne na ƙarshe, shida, sifili, ɗaya, bakwai, su ma don da su yake buɗe kwaɗon akwatinsa.

"To sai mu ce ka manta," in ji Madam Seol. "Ba laifi ba ne. Amma na sha ganin takardar da ta tafi da giɓi a ciki ta yi watanni ana juya ta. Kuma ƙarfe shida zan rufe, gobe hutun bikin kaka, sai bayan mako guda."

Watanni ne Chun-bae ba shi da su. 'Yarsa Mi-ran, wadda ke zaune a Amurka ta kuma nema masa bizar zama, cikinta na fari ya shiga wata na shida tana da shekara arba'in da ɗaya. Uwarta ta rasu bara, kuma kafin ta cika sai da ta riƙe masa hannu ta ce idan Mi-ran ta haihu, kada ya bari ta sha miyar ganyen teku ta kanti. Shi zai dafa mata, safe da yamma, har ta yi ƙarfi.

Chun-bae ya shiga murza babban yatsansa a gefen tebur, kamar mai gwada kaifi. Can sai ya tsaya cak.

"Kada ki rufe," ya ce, ya ɗauki hularsa. "Na san inda take."

A jirgin ƙarƙashin ƙasa ya yi ta zagin kansa. A wancan zamani a Tacoma, 'yan sandan unguwa kan ba mutane aron wani alƙalami mai lantarki, su ce kowa ya zana lambarsa a jikin kayansa, ko an sace a gane mai shi. Wasu suka zana a rediyo, wasu a keke. Shi abu ɗaya ya mallaka da ya kai a sata: wuƙar yankan kifi, doguwa, wadda ya yi wata uku yana zagaya shagon kafin ya saya. A gindinta, dab da mariƙi, ya zana alƙaluman nan tara.

Da ita ya dawo gida ya kafa rumfa a kasuwar kifi, kusa da ta abokinsa Bang Gil-su. Wata ranar Talata ya je fitsari ya dawo, babu wuƙa. Gil-su ya rantse da kabarin ubansa a gaban 'yan kasuwa cewa bai gan ta ba. Sati bai zagayo ba ya rataya labule a bayan rumfarsa, ya koma yanka kifi a ciki. A kasuwar da mai saye ke son ya ga kifinsa na motsi har wuƙa ta hau kansa! Tun ranar ba su sake gaisawa ba, shekara talatin da huɗu.

Ya sami Gil-su a kasuwar yana watsa ruwa a kan kwandon jatan lande, ya yi furfura, ya ƙara tumbi. Labulen na nan, an dai sake sabo.

"A'a, ku zo ku ga Ba'amurke!" Gil-su ya ɗaga murya don matan rumfunan gefe su ji. "An ce za ka koma. Sun rasa tsofaffi ne a can?"

"Sun rasa ɓarayi, na ce musu ina da wani."

"To ga hanya nan, kada ka tare mini masu saye."

Matan suka bar abin da suke yi. Wannan faɗa sun gaje shi ne daga iyayensu, ba su taɓa ganinsa ido da ido ba.

Chun-bae ya san mutane. Wanda ya rantse da kabarin ubansa ba zai fito da wuƙa a bainar jama'a ba ko za a yanka shi da ita. Idan ka matsa wa kare a lungu, cizo za ka samu. Sai ya jawo kujerar roba ya zauna, ya ce a yanka masa kifi ɗaya ya ci ɗanye, a sa masa ƙashin a miya.

Gil-su ya yi tsaki, amma mai saye mai saye ne. Ya cafko kifi ya shige bayan labule. Chun-bae ya rufe ido ya saurara. Shuuu, ja ɗaya daga kai zuwa wutsiya, ba tsayawa. Wuƙarsa ce. Uwa ba ta ɓata kukan ɗanta.

Da farantin ya zo, bai taɓa ba. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, idonsa a kan kifin.

"Mi-ran na da ciki."

Gil-su ya juyo ya dube shi. Shi ya goya yarinyar nan a bayansa ya ruga asibiti ranar da ƙayar kifi ta maƙale mata a wuya tana ƙarama.

"Uwarta ta bar mini wasiyyar miya. Takardata ta tsaya saboda wata lamba da na manta. Na taɓa zana ta a jikin wani abu, abin ya ɓata. Ban zo neman abin ba. Mai shi ya riƙe, ni hannuna ma rawa yake yanzu. Na dai ce ko a kasuwar nan akwai wanda ya taɓa ganin lambar, ko da a mafarki ne."

Gil-su ya daɗe yana goge hannu a tsumma. Ya dubi matan, ya dubi labule, ya dubi rufin kasuwa.

"Abin mamaki," in ji shi. "Ni kuwa ina yawan wani mafarki."

"Ka ji!"

"Kullum da asuba sai in ga wasu alƙaluma, rubutun kamar na ɗan aji ɗaya, duk a karkace."

"Alƙalamin ne ke rawa."

"Wa ya ce maka naka ne? Mafarkina nake faɗa. Kana da abin rubutu, Yaya?"

Yaya. Rabon da Chun-bae ya ji kalmar nan daga bakin nan tun kafin kansa ya yi furfura. Ya zaro biro, ya juya bayan tikitin jirgi.

Gil-su bai leƙa bayan labule ba, bai ko yi gyaran murya ba. Ya jero su kamar mai faɗin ranar haihuwarsa: uku a farko, biyu a tsakiya, sannan ya ce, "Shida, sifili, ɗaya, bakwai."

Chun-bae ya dubi tikitin. Huɗun ƙarshe sun zauna daram, sauran biyar kuma yana ganinsu ya gane su, kamar fuskokin 'yan unguwarsu. Sai a lokacin ya ɗauki tsinke ya ci kifin, yanka bayan yanka, ya shanye miyar tas. Da ya miƙe, ya ɗaga yanka ɗaya da ya rage ya duba shi a haske.

"Mafarkin nan naka," ya ce, "ka riƙa wasa shi a dutse mai laushi. Bakinsa ya fara cin gefe."

"Cin gefe? Shekara talatin da huɗu ina wasa ta kowace safiya, kai za ka koya min—"

Ya kame baki. Amma kasuwa ta riga ta ji. Mai sayar da ƙaguwa ta yi dariya har ta zauna cikin ruwan ƙanƙara. Gil-su ya yi ja har kunnuwa, ya ɗaga tiyo kamar zai watsa wa kowa, sannan shi ma abin ya ci ƙarfinsa.

"Tafi, tsohon banza! Ka ce wa Mi-ran kawunta na gaishe ta."

A bakin kasuwa Chun-bae ya sayi busasshen ganyen teku, dogo har ƙirjinsa. Bai yi ciniki ba, bai bari an naɗe ba, don na mai jego ba a karya shi. Haka ya rungumo shi a tsaye cikin jirgi, mutane na kauce masa, wata tsohuwa har tana yi masa barka.

Shida saura kwata ya ajiye tikitin a gaban Madam Seol yana haki. Ta buga alƙaluman ɗaya bayan ɗaya, ta karanta masa, ya ce haka ne, ta danna. Fom ya tafi.

"Baba, a ina ka samo ta? Ka ce katin ya bi ruwa."

Chun-bae ya gyara wa ganyen tsayuwa a jikin bango don kada ya lanƙwashe.

"Na ba wani ajiya ne," in ji shi. "Mutum ne mai riƙon amana."