Ambulan a Kan Ƙusa

Nas Lucia ta zare ma'aunin zafi daga hammatar Lai'atu, ta duba, ta sake dubawa. Kwana uku ke nan da aka yi wa yarinyar aikin afendis da ya fashe a ciki, zazzaɓi sai hawa yake. Gadon ma shi ne na bakin taga, inda wata yarinya, Larai, ta kwanta a damina, da irin wannan ɗinki, da irin wannan ido mai zurmawa. Larai ba ta fita da ƙafarta ba.

"Allura iri ɗaya har yanzu, Sista?" ta tambayi Sista Catherine, shugabar ɗakin yara.

"Fenisilin safe da yamma. Tun kafin ki je Zariya karatu muna ba da shi, 'yata."

Haka aikin yake a asibitin nan. Duk yaron da aka buɗe, sai a dangwali mugunyar cikinsa da auduga, a rufe a kwalba, a ba jirgin ƙasa mai zuwa Kaduna ya kai ɗakin gwaji, a gano wace ƙwayar cuta ce, wane magani ke kashe ta. Amsa ta dawo cikin ambulan da sunan likita a baya. Nas ba ta buɗe wasiƙar likita, sai ta soke ta a ƙusar bayan ƙofa har ya nema. Shi kuwa bai taɓa nema ba. Ana gwaji don a ce an yi, yara na tafiya.

Lucia ta tura ƙofar, ta zare wasiƙun duka daga ƙusar. Goma sha ɗaya, ƙura ta yi musu bargo.

"Ke, na Dokta ne. Za su kore ki," in ji Sista Catherine.

"Su kora."

Ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya a kan teburin magani. Takwas bakinsu ɗaya: fenisilin ba ya taɓa ƙwayar, kuloramfenikol ke kashe ta. Ga shi kuwa a kabad, kwali biyu, ba a ko ɓare ba.

Ta bakwai sunan Larai ke ciki. Lucia ta juya ambulan. A kusurwa akwai ranar karɓa, sha huɗu ga Agusta, da sa hannun wadda ta karɓa. Rubutun Lucia ne da kanta. Ranar sha shida aka naɗe Larai a zane. Kwana biyu amsar na rataye taku biyar daga gadon, ita kuma tana wucewa da tiren allura.

Ta tarar da Dokta Bartholomew a baranda yana wanke hannu. Ta shimfiɗa takardun a gabansa.

"Wa ya ba ki izini?"

"Babu, Dokta. Sakamakon Lai'atu sai mako mai zuwa zai iso, ita kuwa ba za ta kai ba. Waɗannan sun riga sun ba da amsa."

"Kowane ciki da ƙwayarsa, yarinya."

"Takwas cikin sha ɗaya, ranka ya daɗe."

Ya ɗauki ta Larai, ya daɗe a kanta, ya juya bayan ambulan. Ya ga ranar, ya ga hannun. Bai dube ta ba, ita ma ba ta dube shi ba. Can tasha jirgi ya yi kuka. Ya zaro alƙalami, ya soke layi ɗaya a katin Lai'atu, ya rubuta wani.

Da Lucia ta zo da sabuwar allurar, yarinyar ta buɗe ido.

"Anti, zan je gida kafin Kirsimeti?"

Larai ma ta yi irin tambayar nan, Lucia ta rantse mata za ta koma gida. Wannan karon ta goge cinyar da auduga kawai, ta ce, "Juya kaɗan, ƙanwata."