Kunnen Tok Deraman

A ƙauyenmu na Beting Lalang, can gaɓar tekun Terengganu, ba a zuba taru sai mai sauraro ya ce a zuba. Haka muka taso muka tarar. Za a kashe injin jirgi, kowa ya kame bakinsa, mai sauraro ya sulala cikin ruwa, ya riƙe gefen jirgi da hannu ɗaya, ya nutsar da kai ya kasa kunne. In ya ɗago ya nuna gabas, gabas za a nufa. In ya ce babu, to babu, ko da kifi na tsalle a gaban idonka. Shekara arba'in da biyu Tok Deraman ya yi yana wannan aiki, kuma lokacin da yake ganiyarsa jirage goma sha ɗaya ne ke jiran ɗagowar kansa.

Yanzu jirgi ɗaya ya rage masa, na surukinsa Rozali, shi ma baƙi yake ɗauka. Zaiton, autar Tok kuma matar Rozali, ita ta kafa sana'ar. Mutum shida ko bakwai take karɓa a rana, ba ta wuce haka. Da sassafe ta zaga da su cikin dajin bakau, itatuwan nan da ke tsirowa cikin ruwa a bakin teku, a 'yan kwale-kwalen roba, su yi ta karo da saiwoyi suna ihu. Da hantsi a fita teku su ga yadda Tok ke sauraron kifi, da azahar a dawo ƙarƙashin gidanta, wanda ke tsaye kan dogayen turaku, a shimfiɗa tabarmi. Mutanen birni kuwa, ka zuba musu shinkafa da madarar kwakwa a ganyen ayaba ka ce su ci da hannu, sai su yi ta godiya kamar ka kai su aikin hajji.

Sai dai kifin da suke ci ɗin a kasuwa Zaiton ke sayo shi, yau shekara biyu. Tun daga lokacin Tok bai sake ɗagowa ya ce a zuba ba. Kullum ya nutse, ya ɗago, ya girgiza kai, ya ce teku ta mutu, manyan jirage masu jan taru ta ƙasan teku sun kwashe har 'ya'yan kifi. Baƙi su yi tsaki don tausayi, su ɗauki hotonsa.

Zaiton ta san tekun lafiyarta ƙalau. A ƙarƙashin sitiyari Rozali na da wata 'yar na'ura mai allo da ke nuna kifi, an rufe ta da tsohon tawul saboda Tok ya rantse ba zai taka jirgin da ke da ita ba. Kuma likitan asibitin gunduma ya ja Zaiton gefe ya faɗa mata gaskiya: kunnen tsohon ya tafi, zai ji magana in an ɗaga murya, amma siririn sauti ya yi ban kwana da shi. Ta dawo gida ta ce wa mahaifinta likita ya ce komai lafiya. Shi kuwa a ganinsa mutanen zamani ne suka lalace, suna magana kamar bakinsu cike da shinkafa.

Ta yi zaton rufa masa asiri take yi. Amma baƙin cikin mutuwar teku ya riƙa cin tsohon a tsaye. Ya rame, ya daina zama a shagon shayi na bakin gaɓa, ya juya kujerarsa ta baranda ta ba ruwa baya. Ƙarshe ya buga wa babban ɗansa waya ya zo ranar Juma'a ya tafi da shi birnin Kuantan, inda zai zauna a hawa na tara na wani dogon bene. Zaiton ta san gidan nan, ta san in mahaifinta ya shige shi ba zai yi shekara ba. Fitar ranar Laraba ita ce ta ƙarshe.

Baƙi shida ne a ranar, tsofaffin malaman makaranta daga Ipoh. Shugabarsu wata gajeriyar mata ce mai suna Cikgu Lim, wato Malama Lim, mai malafa kamar faifai, wadda tun a dajin bakau ta kifar da kwale-kwalenta sau biyu ta kuma ɗora laifin a kan kwale-kwalen. Da jirgi ya bar bakin kogi ta matso kusa da Tok ta ɗaga murya, don Zaiton ta riga ta raɗa musu cewa ba ya ji sosai.

"Tok, wai da gaske kifi na magana?"

"Magana? Surutu dai, Cikgu, ya fi na 'yan ajinki." Ya gyara zama, fuskarsa ta ɗan saki. "Kowanne da muryarsa. Wani kamar an watsa tsakuwa a rufin kwano, wani kamar mai na soyuwa. Kifin gelama kuwa gurnani yake, gur-gur-gur, kamar tsoho na ƙorafi a masallaci."

"Kamar wani da na sani," in ji Rozali daga wajen sitiyari.

"Me ya ce?"

"Cewa ya yi Allah ya ƙara lafiya, Ayah," in ji Zaiton, don haka take kiran mahaifinta.

"Ƙarya kike, Ton. Wannan mijin naki tun da na ba shi ke bai taɓa yi mini addu'a ba." Baƙi suka fashe da dariya. Tok ya juya ga Cikgu Lim. "Ina da shekara goma sha huɗu mahaifina ya danna kaina cikin ruwan nan. Wata uku ban ji komai ba sai bugun zuciyata. Ran nan, wata safiya bayan damina, sai kawai kunnena ya buɗe. Cikgu, kasuwa ce a ƙasa! Na ɗago ina kuka, tsohon ya ɗauka wani abu ne ya cije ni. A zamanin nan in muka dawo, mata na jira da kwanduna tun daga masallaci har gindin kwakwa. Uwar wannan yarinya takan gane jirgina tun yana ɗigo a ruwa, ta ɗora tukunya. Wanda bai fita ba ma sai ya ci, don ba a hana maƙwabci kifi."

Ya dubi ruwan. "Yanzu ƙasan nan kamar maƙabarta." Ya juya ga Rozali. "Li, na faɗa maka ka sayar da jirgin nan tun yana da daraja, ka je ka nemi aikin gadi."

Zaiton ta sha jin wannan labari, amma yau ya soke ta. Ta tuna tana 'yar shekara shida a cikin matan nan masu kwanduna, an ɗora ta a kafaɗa tana ihun kiran Ayah, shi kuma a tsaye a goshin jirgi, baƙi wuluk, gashinsa na ɗigar ruwa. Kewar wannan mutum ta kama ta, alhali ga shi zaune a gabanta.

Da suka kai wajen da ruwa ya koma shuɗi sosai, Rozali ya kashe inji. Tok ya tuɓe riga, ya yi bisimilla, ya sauka a hankali, haƙarƙarinsa duk a waje. Ya riƙe gefen jirgi ya nutsar da kai. Baƙi suka yi tsit, har Cikgu Lim. Zaiton ta zagaya bayan mijinta ta ɗaga gefen tawul. Allon ya cika maƙil, tun daga tsakiyar ruwa har ƙasa, garken da ba su ga irinsa ba duk bana. Suna daidai ƙarƙashin ƙafafun mahaifinta.

Tok ya ɗago, ya ja numfashi, ya sake nutsewa. Sau uku yana yi, abin da bai saba ba, don ya san ta ƙarshe ce. Da ya ɗago na ukun bai girgiza kai ba ma. Ya jingina goshi da katakon jirgi, ya ce, "Babu. Ko ɗaya." Rozali ya miƙa hannu ya jawo shi ciki.

Zaiton ta dubi tsohon yana rawar sanyi cikin rana, idanunsa jajur, kuma ta san ba gishiri ne kaɗai ya sa su ja ba. Tsoro ya kama ta, amma ta buɗe baki.

"Abang, zuba taru," ta ce wa mijinta.

Rozali ya juyo. "Ton, kina cikin hankalinki? Ya ce babu."

"Na ji. Zuba."

"A gaban baƙi? Wallahi ba da hannuna ba. So kike a daina gaishe ni a gari?"

Zaiton ta taka zuwa bayan jirgi, ta ɗauki tulun roban da ke bakin taru ta jefa a ruwa da kanta. Tok bai ji musunsu ba, amma ya ga wannan.

"Ke! Wa ya ce a zuba?"

"Ni ce, Ayah."

"Ke ce? Yaushe kika zama mai sauraro? Mahaifina bai taɓa ganin an yi masa haka ba, ni ma shekara arba'in ba wanda ya yi mini, sai 'yar cikina? To zuba! Zuba ki kwaso ledoji, baƙinki su ci!"

Rozali ya dubi matarsa, ya dubi surukinsa, ya yi salati, ya tayar da inji. Jirgi ya zaga a hankali taru na zuba, har suka dawo kan tulun. Aka fara ja. Ba a yi nisa ba igiya ta yi nauyi, Rozali ya yi kira a taimaka. Malaman Ipoh suka yi layi, Cikgu Lim na ba da umarni kamar a filin wasan makaranta, malafarta ta faɗa ruwa ba ta ko waiga ba. Tok kaɗai ne a zaune, ya harɗe hannu, ya kau da kai.

Sai ruwan gefen jirgi ya fara tafasa. Gelama ne, farare tas, manya, suka zubo cikin jirgi har suka rufe idon sawu, suna ta gurnaninsu. Baƙi na ihu suna tafi. Wani malamin lissafi ya zame ya zauna daɓas a cikin kifi yana dariya.

Zaiton ba ta yi dariya ba, mahaifinta take kallo. Ya juyo a hankali. Ya daɗe yana duban kifin, sannan ya sunkuya ya ɗauki ɗaya da hannu biyu, ya kai shi kunnen dama. Ya mayar da shi na hagu. Ihun baƙi ya mutu da kansa. Kifin na ta gurnani, kowa a jirgin yana ji. Tok ya sauke shi, ya riƙe a tafin hannu, yana jin yadda cikin kifin ke karkarwa a fatarsa.

"Ton."

"Na'am, Ayah." Ta durƙusa a gabansa cikin kifi.

"Yana yi?"

"Yana yi, Ayah. Dukkansu suna yi."

"Da ƙarfi?"

Ta gyaɗa kai.

"Tun yaushe kika sani?"

Ta matso bakinta kusa da kunnensa. "Tun ranar asibiti. Ka yafe mini, tsoro na ji."

Ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa, ko abin da ya fi faɗa. Sai ta ji ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Da ta ɗago hawaye na bin kumatunsa, amma fuskar ta saki yadda ba ta gan ta ba cikin shekara biyu.

"Ashe ni ne," ya ce. "Alhamdu lillahi, ashe ni ne. Shekara biyu ina zaman makokin teku, ita kuwa tana nan da ranta." Ya share fuska da bayan hannu, ya bar ɓawon kifi a kumatu. "Ke kuma da kika bar ni ina yi wa baƙin mutane ƙarya, Allah ya shirye ki."

"Amin, Ayah."

Ya leƙa gefen jirgi ya daɗe yana kallon ruwan da ba zai ƙara jin muryarsa ba. Zaiton ta ga murna da rashi tare a fuskarsa, ta rasa wanne za ta yi wa kuka, sai ta yi wa duka biyun.

"Li," ya kira ba tare da ya waiga ba.

"Na'am, Ayah."

"In ka sayar da jirgin nan ban yafe ba."

"Kai fa ka ce in nemi gadi."

"Me ya ce?"

"Ya ce to," in ji Zaiton.

"Gara dai. Ki buga wa yayanki ki ce kada ya ɓata mansa ranar Juma'a." Ya saka kifin da ke hannunsa cikin ruwa, ya buɗe yatsu, ya bi shi da ido har ya ɓace a ƙasa. "Gobe ke za ki shiga ruwan. Ni zan riƙe miki kai."