Zakaran Ɗorin Kaumi

A shekarar da naira ta kori fam, bijimin wani Bafulatani mai suna Hamma ya ɗebi Kaumi mai tebur a kasuwar Gwiwa ya maka shi da rumfar mai gishiri, ƙafar hagu ta karye.

Aka kai shi wurin Kawu mai ɗori. Shi Kawu yana da wata al'ada da ya gada: ba ya ɗaure ƙafar mutum sai ya karya ta zakara ya ɗaure su rana ɗaya. Ran da zakara ya taka, ran nan mai karaya zai taka. Duk ƙasar Gwiwa an san haka, ba mai musu.

Tun yana kwance Kaumi ya sa aka kai ƙara gaban alƙali a Kazaure. Alƙali ya ce a bari ƙafa ta nuna halinta. In ta warke sumul, Hamma ya biya ladan ɗori kawai. In ta bar nakasa kuwa, diyya ce mai nauyi, sai an kaɗa shanu kasuwa. Jin an ambaci shanu, sai injin niƙa ya shiga ran Kaumi ya zauna daram. Har wurin da zai kafa shi ya zaɓa, kusa da rijiya, inda mata ke wucewa.

Ita kuwa ƙafa, da yake ba ta san ciwon mai ita ba, sai ta warke garau. Kaumi bai damu ba. A ɗaki ya yi tafiyarsa, in zai fita ya ɗauki sanda ya dinga jan ƙafa yana nishi. Zakaran ne ya nemi tona masa asiri. Ɗan banza ya miƙe, yana haye katanga yana bin kajin maƙwabta, mutane suna yi wa Kaumi barka da samun sauƙi. Haushi kamar ya kashe shi. Ya kama zakara ya tanƙwashe masa ƙafa da zare, ya naɗe da tsumma, ya kife shi da kwando. Matarsa Yagana ta ce ya ji tsoron Allah, ya ce mata ita ba ta san shari'a ba.

Ranar zama aka shiga da shi kotu a rirriƙe, ga kwando a bayansa. Aka sauke zakara, ya yi tsalle ɗaya ya faɗi ta gefe. Kaumi ya gyara murya, abin tausayi.

"Allah ya gafarta Malam, ga shaidata. Ni da shi jiki ɗaya ne. Duk abin da ya same shi ya same ni."

Alƙali ya jinjina kai, don shi ma Kawu ne ya taɓa ɗora masa hannu. Ya tambayi Hamma ko yana da ja.

Hamma ya ce, "Ba ni da ja, Malam, shanu na Allah ne. Amma zakaran nan nawa ne, ni na kai wa Kawu. Tunda aiki nasa ya ƙare, a ba ni abina, na yi baƙi a ruga."

Alƙali ya ce ai haƙƙinsa ne. Hamma ya saɓi zakara ya fita gindin durumin ƙofar kotu, ya take fuka-fukan, ya fuskanci gabas, ya zaro wuƙa yana gwada kaifinta a farce.

Kaumi yana hangensa ta ƙofa. Maganar da ya yi ɗazu don alƙali ya yi ta, amma yanzu sai ta dawo masa da nauyi. Ya tuna lokaci ɗaya suka warke shi da zakaran. Ya ji wuyansa ya fara ƙaiƙayi. Ya ce wa kansa ai zancen banza ne, ya tuna injin niƙa, ya ƙanƙame sanda. Hamma ya ɗaga haɓar zakara ya ce bismillah.

Ba wanda ya ga tashin Kaumi. Benci biyu ya tsallake, ya ture ɗan doka, ya dira kan Hamma ya fisge zakara. Sai da ya rungume shi a ƙirji sannan ya lura a tsaye yake cak a kan ƙafa biyu, ga alƙali ya leƙo ta taga yana kallonsa.

Ladan ɗori kawai aka yanke. Shi ma sai da Kaumi ya yafe wa Hamma kafin ya yarda ya bar masa zakaran.

Da ya iso gida Yagana ta tambaye shi ina injin. Ya zauna ya kwance wa zakara zare a hankali, ya ce ta kawo gero mai kyau, kuma daga yau ko baƙo daga Makka ya zo, kada ta kuskura ta dubi wannan.