Yashin Jan Bokiti

Ummul-Khairi 'yar Damagaram ce, garin da babu teku ko a mafarki, amma da ta zo karatu Alƙahira sai ta nace wa halittun ruwan gishiri. Abokan zamanta a unguwar Madinat Nasr sun yi mata dariya har sun gaji. Ita ko a jikinta.

Bincikenta a kan gandofli yake, wata 'yar halitta mai ɓawo biyu da Misirawa ke soyawa da tafarnuwa. Mai lafiya, da an ajiye ta sai ta nutse cikin yashi ta shiga tace ruwa. A ɗakin gwaji Ummul-Khairi ta jera akwatunan gilashi huɗu, ruwansu da yashinsu daga gaɓar Iskandariyya. Uku ta jiƙa musu guntayen sigari. Na farko kuwa tsarkakakke ne, shi ne ma'aunin sauran.

To, a mako na biyar sai tsarkakakken ya ci amanarta. Gandoflin cikinsa suka daina nutsewa, suka kwanta a sarari baki buɗe, shida suka mutu.

Dakta Safa, malamar da ke duba aikin, ba ta iya kwana-kwana ba. "Idan masu ruwa mai kyau ma mutuwa suke, da me za ki ce sigari ne ya kashe sauran? Ki kawo mini dalili ranar Alhamis, ko in ba wani ɗalibi wurin. Khalas, magana ta ƙare."

Shekara guda ke nan za ta bi ruwa. Ran Ummul-Khairi ya ɓaci ƙwarai, amma ko kusa ba ta yi shakkar hannunta ba. Ta auna gishiri, daidai. Ta auna zafi, daidai. Ran Laraba ta naɗe hannun riga ta damƙo yashin. Na Iskandariyya fari ne mai laushi, da ɓaraguzan ɓawo. Wannan kuwa an gauraya shi da wani ja mai kaushi.

Tana fitowa baranda da yashin a tafin hannu ta hangi Kawu Ya'ƙub, dattijon da ke share ɗakin. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa sun tafi Hajji a ƙasa suka yada zango a Gadarif, shi kuma yaƙi ya koro shi nan. Tun ranar da ya ji ta tana waya da Hausa ya mayar da ita 'ya. Yana tsaye yana murje sigarinsa cikin jan bokitin yashin kashe gobara. Bokitin nan, tunda aka rataye shi bai taɓa ganin gobara ba, sai dai guntayen sigarin malamai da ɗalibai. Kuma ga shi ya koma rabi.

"Kawu, ina sauran yashin bokitin nan?"

Ya washe baki, irin na wanda aka gano alherinsa. "Ai ban so ki sani ba, ya binti, 'yata. Ran Juma'a ba kya nan, akwatinki na farko ya tsage, ruwa na zuba. Na kwashe 'yan abubuwanki na sa a sabo. Yashin bai kai ba, na cika da wannan."

"Da wannan?"

"Sau uku na tankaɗe shi da rariya, kamar garin tuwon asida. Wallahi ko guntu ɗaya bai wuce ba."

Ta buɗe tafin hannunta. "Shida sun mutu, Kawu."

Fara'ar ta zube. Ya dubi bokitin, ya dubi yatsunsa. "Ma'alish, ki yi haƙuri," ya ce, muryar ta shige. "Ni ne na kashe miki karatu? Amma ban ga komai a cikinsa ba."

Faɗa ya zo mata har maƙogwaro, sai maganarsa ta tsayar da ita. Bai ga komai ba. Ita duk mako biyar ɗin nan tana jefa guntaye cikin ruwa, ba ta taɓa tambayar abin da ke saura a yashi bayan an tsince su ba. Kuma haka masu shara ke tsince bakin teku kowace safiya, kowa ya ce ya yi tas.

"Kawu, ɗauko bokitin. Da rariyar. Yalla, mu je."

Ranar Alhamis ta ajiye wa Dakta Safa yashi kashi biyu a faranti, ta zayyana komai. Ta ce laifin nata ne, da ba ta taɓa gaya wa mai kula da ɗakin abin da ke cikin akwatunan ba. Sannan ta nemi mako shida da akwati na biyar, na tankaɗaɗɗen yashi zalla.

Dakta ta murza jan yashin, ta shinshina, ta yamutsa fuska. "Mako shida. Wa zai tankaɗe miki daidai da na farko?"

"Ina da gwani."

Kawu Ya'ƙub ya tankaɗe sau uku, ba ya ko ɗaga kai. Da aka zuba gandofli goma a sabon akwatin, ya ja kujera ya zauna gaban gilashin. Na akwatin farko, da aka sake wa yashin Iskandariyya, tuni sun nutse. Nasa suna kwance a sama.

"Ku shiga mana," ya ce musu a hankali. "Ai na tankaɗe."

Ummul-Khairi ta duba agogo, ta rubuta minti arba'in, babu wadda ta nutse.