Ruwan Farko a Kwamin Gishiri

Valdomiro bai gama cire takalmi ba ruwan farko ya sauko a jihar Goiás. Duk rani da gishiri mai haɗe da takin yuriya ya riƙe bijimansa, don busasshiyar ciyawa ba ta sa nama.

"Tsoho, yau dai ka huta da kukan ciyawa," in ji matarsa Neuza.

"Ina hutu? Kwamin gishirin ba rufi," ya ce. Yuriya in ta narke a ruwa, guba ce.

Ya hau dokin da ya fi shi gajiya. Ya tarar bijimai sun kewaye kwamin, ya kutsa ya kifar da shi. Sauran sun tsira, amma babban cikinsu ya riga ya sha, yana tangaɗi, kumfa na zuba daga bakinsa.