Rumbun Husainatu

Dariyar Husainatu ta riga ta isa gonar, har wata balbela da ke tsaye a gadon bayan wani bijimi ta tashi ta koma kan wani. Ana ta ɗaure damman gero ana lodawa a amalanke. Yahuza, ƙanin mijinta marigayi Rabe, yana zaune a gindin gawo, itacen nan mai taurin kai da ke fidda ganye lokacin da sauran ke zubarwa.

Tun ranar da aka kawo ta amarya garin Ɗanzomo take wasan ƙanin miji da Yahuza. Ta ce da shi mijin ajiya, ya ce da ita uwargidan da ba ta iya tuwo ba. Da Rabe ya rasu ba a raba gandu ba, gona ta zauna a hannun Yahuza. Shi ba marowaci ba ne, amma hawaye kawai yake iya karantawa. Jiya ma Talatu, maƙwabciyar Husainatu, ta zo masa da ajiyar zuciya da gefen mayafi a ido, ta koma da dami a ka.

Ita kuwa Husainatu Allah bai yi mata fuskar roƙo ba. Ko a takabarta, matan da suka zo gaisuwa sun fita suna riƙe da haƙarƙari. Biki in babu ita kamar miya ba gishiri, kuma kowa ya ɗauka mai dariya irin wannan rumbunta cike yake. Gaskiyar ita ce ɗan fegin da ta noma a bayan gida ciyawar wuta-wuta ta cinye shi, ga marayu, ga rani yana tafe. Wannan geron kuma gobe Alhamis kasuwar Maigatari zai tafi.

* * *

Da safiyar yau, kafin ta fito, ta leƙa randa ta gwada ɓata fuska irin ta Talatu. Matar da ke cikin ruwan ta yi kama da akuyar da ta lashi barkono, sai ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Duk da haka ta taho.

Suka gaisa da Yahuza, ta tambayi gajiya, ya tambayi yara, ta ce suna nan suna girma kamar rama. Sannan ta durƙusa, abin da ba ta taɓa yi masa ba.

"Yahuza, rumbuna babu ko ƙwaya. Ɓeraye ma sun yi ƙaura."

Ya dube ta, ya dubi gwiwoyinta a ƙasa, ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Ya kira masu ɗaurin dami su zo su ga sabon wasan uwargida.

"Wallahi da gaske nake," in ji ta. Amma bakinta ya riga ya buɗe da murmushi, don bai san wata hanyar ba.

"Har da rantsuwa. Ke dai ba ki da dama. Tashi kar ki sa cikina ya ƙulle."

Ya laluba aljihu ya ba ta goro, ya ce tukuicin wasa ne. Ta karɓa ta yi godiya, ta ce ai goron mijin ajiya ya fi na kowa ɗaci. Aka sake dariya, ita ma ta yi, kuma ba ta ƙarya ba ce. Dariyar mutane tana yi mata daɗi kamar yadda inuwa ke yi wa matafiyi.

* * *

Da la'asar amalanke ta kama hanyar gari tana tangaɗi. Duk inda ƙafarta ta faɗa rami sai zangarniya ta zame ta faɗi a yashi. Husainatu ta biyo sawun a hankali, tana tsinta tana ƙullewa a gefen zane.

Wasu mata masu dawowa daga rijiya suka hango ta, suka tsaya suna nuna wa juna, suna jiran su ga wa take kwaikwayo yau. Ta ɗaga musu hannu, ta yi musu ɗan taku biyu na rawa. Sai da suka sha kwana ta sake sunkuyawa.