Igiyar Shanyar Indo

A kan bencin mai shayi a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi suka ƙulla maganar, wata uku da komawar soja bariki. Lawan, mai shirya wasan kwaikwayo a talabijin, yana son yin wasa na mako-mako a kan fursunan da ke shirin tserewa, irin wanda mutum ba zai tashi ba ko tuwo na ƙonewa. Matsalarsa ɗaya, bai taɓa ko leƙa gidan yari ba. Malam Mu'azu kuwa shekara shida ya yi a ciki. Direban wani ɗan siyasa ne. Da soja suka zo kama maigidan suka haɗa da shi, ba shari'a ba komai, sai da mulki ya sauya aka buɗe masa ƙofa.

"Baba, dabarar fita kawai nake so," in ji Lawan. "Sunanka zai fito a talabijin da manyan baƙaƙe."

"Riƙe baƙaƙenka. Dabara zan ba ka tun daga farko har ƙarshe. Amma da igiyata za a sauka, ba ta kasuwa ba, a katanga ta gaske, ina tsaye."

"Wace igiya kuma, Baba?"

"Ka yarda ko ba ka yarda ba?"

Lawan ya miƙa masa hannu.

Ga yadda igiyar take. A gidan yari ɗinkin hula aka ba Mu'azu. Kowace hula ya ɗinka sai ya rage zare kaɗan ya ɓoye, in ido ya ɗauke ya tufke shi a cinyarsa. Shekarar fari ja ya yi yawa, ta biyu shuɗi, ta uku kore, haka dai har igiya ta kai tsawon katangar bayan kicin. Ya sa rana: Juma'a da rana tsaka, gandirobobi sun ragu sun tafi masallaci. Ana Talata aka kira sunansa, wai an sake shi.

Da igiyar ya fito, naɗe a ƙugu. Matarsa Indo ta gan ta, ta yaba kyanta, ta ɗaure ta a tsakar gidansu na Tarauni tana shanya. Bai gaya mata ko ta mece ce ba.

Tun daga nan, kullum bayan azahar, sai ya zauna a inuwar dalbejiya yana kallon zannuwa suna lilo a kanta, ya lula duniyar tunani. Ga shi ya maƙala ƙugiya, ga shi a saman katanga, gari ya shimfiɗu a ƙasa fari fat kamar an wanke shi. Ya sauko a hankali, ja, shuɗi, kore suna wucewa ta tafin hannunsa. Tituna ba kowa sai tattabaru. Ƙafarsa ko taɓa ƙasa ba ta yi har ya iso Tarauni, ya yi sallama, Indo ta saki ludayi.

"Malam, ga ni a gabanka, ina kuma ka nufa?" Indon gaske ke nan, da kwanon abinci a hannu. Ba ya jin ta. Abu ɗaya ke cin sa: da ya sauka ran nan, igiyar za ta riƙe shi?

Wasan Lawan ya karɓu. Duk ranar Asabar maƙwabta su cika falon mai talabijin, ana gardama ko fursunan zai fita. Saura kashi na ƙarshe. Mu'azu da kansa ya samo wani bene da ba a gama ba a Darmanawa, ya ƙirga bulo ya ga tsawon ya yi daidai, sannan ya kwance igiyar da safe Indo na tsakiyar wanki.

Bello, ɗan wasan da ke fitowa a fursunan, ya leƙo daga sama. "Baba, wannan abar kamar jigida, ka tabbata?"

"Shekara shida na tabbata. Sauko."

Ana haka sai ga Indo, mayafi a karkace, ta biyo sawun igiyarta. Ta tsaya ganin taron.

Bello ya fara saukowa. Ja ya wuce. Shuɗi ya wuce. Leɓen Mu'azu na motsi, hannuwansa na kama iska, shi ma saukowa yake. Da aka zo kan kore, na shekarar da ya yi ta jinya hannunsa ba ƙarfi, sai igiyar ta yi wani ɗan ƙara kamar an yage tsumma. Bello ya faɗo tim a kan tulin yashin magina, ya tashi yana salati yana karkaɗe kunne.

"Kada a kashe kyamara!" Lawan ke ihu. "Wallahi haka za a nuna shi!"

Indo ta ɗauki guntun da ya faɗo, ta jujjuya shi, ta dubi mijinta.

"Malam, da wannan ka so ka zo mini?"

"Da ita."

"A can ƙasan katangar akwai yashi?"

Ya dubi tulin yashin. "Duwatsu ne."

Ta ƙulle guntun a bakin zaninta. "To taho mu tafi gida, wankina na cikin baho yana tsami."

Bayan azahar ya zauna a inuwar dalbejiya kamar kullum, ya lumshe ido, ya nemi katangar. Ba ta zo ba. Sai muryar Indo yake ji tana mita a kan ƙofar ɗaki da ta shekara uku tana shirin ɓallewa. Ya buɗe ido ya dube ta sosai, ya ga furfura a goshinta wadda bai san da ita ba. Ya tashi ya nemo guduma.

Lawan ya samu wasan da aka yi wata ana zancensa a Tarauni. Bello ya tsira da targaɗe. Mu'azu ya yi asarar aikin shekara shida da tafiyarsa ta bayan azahar, kuma wani lokacin yakan yi kewarta. Indo igiyar shanya kawai ta rasa, ta samu mijinta, wata biyar bayan gwamnati ta ce ta sako mata shi.